Tautau a Hannun Tanimu

A Nasarawa, shekarar samun 'yancin kai, Tanimu tsohon soja ya tsaya sayen ƙosai yana jan hannun rigarsa ƙasa.

"Malam, zanen tautau ne a fatarka?" in ji mai ƙosan.

"A yaƙin Bama aka yi mini, Iya. Wai maciji ba ya saran mai shi."

"Mu dai ƙuraje muka san tautau yana sawa."

"Shi ya sa gida uku suka hana ni aikin lambu."

"To, macijin ya taɓa saranka?"

"Ko sau ɗaya."

Ta nuna wata farar ƙofa da matsami. "Masu aikin lambu biyu macizai suka kora daga gidan can. Naɗe hannun rigar ka shiga."