Tsoho Mai Ɗaga wa Jirage Hannu

Darlene tana jiran jirgi a filin jirgin saman Seattle, sai ta ga wani tsoho ɗan Japan a gaban gilashi, yana ɗaga wa kowane jirgi hannu.

"Baba, duk danginka ne a ciki?"

"Sabo ne, 'yata. Shekara talatin da takwas ina lodin kaya a kamfani ɗaya a Osaka. Jirgi ba ya tashi sai mun jeru mun ɗaga masa hannu."

"Talatin da takwas! Ai wannan aure ne. Ni kamfani biyar na yi wa yankan tikiti. Wanda ya fi albashi, shi ne gwanina."

"Ranar da na ajiye aiki, ni suka jeru suka ɗaga wa. Ke fa?"

Darlene ta yi dariya. "Jiya na biyar ɗin suka miƙo mini kwali, wai in kwashe komatsaina."

Aka kira jirginta. Tana shiga layi ta ji an ce, "Mai kamfani biyar!"

Ta waiwaya. Tsohon ya gyara tsayuwa, ya rusuna, ya ɗaga mata hannu biyu. Fasinjoji suka taya shi.

"Haba Baba, za ka ɓata mini kwalliya!"