Mai Gardama

A bencin shagon mai gyara, wata mata ta rungume firinta a cinyarta. Wani dattijo da ke jiran wayarsa ya dube ta.

"Baiwar Allah, me ya same ta?"

"Lafiyarta ƙalau. Sabuwar kwamfutar ɗiyata ce ta ƙi ganin ta. Wai tsarinsu ba ɗaya ba ne da tsohuwar ta gida, wadda firintar ke jone da ita."

"Ai da sauƙi. A goge tsohuwar tas, a zuba mata irin tsarin sabuwar."

"Ba mai goge min ita."

"Haba, ƙarfe ne fa."

"Maigidana ne ya haɗa su da hannunsa. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa."

"Ayya. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Shi ya raɗa wa firintar suna Mai Gardama, wai halinmu ɗaya. Duk mai buga takarda a gidan sai ya danna sunan nan. In an goge, sunan ya tafi."

"Suna ai sai a sake rubutawa."

"Da hannun wa? Malam, baƙo ne ke koyon gaisuwar masu gida. Sabuwar ta koya."

"In mai gyara ya ce ba zai yiwu ba fa?"

"Sai ɗiyata ta ɗauki biro."

Dattijon ya girgiza kai. "Lallai marigayi bai yi kuskuren suna ba."

Ta gyara riƙon firintar, ta miƙe.

"Shekara talatin muna gardama da shi, bai taɓa ci ba. Sai kai?"