Har Ta Manaja Sai Ta Mutu

A tashar Keke ta Kamazou na tsinci wannan, ina ɓare gyaɗa, kunnena a buɗe. Wata budurwa na ta latsa kwamfuta a cinya, wani makanike ya leƙa.

"Madam, da wa kike faɗa?"

"Kwamfutocin haya nake kashewa, Oga. A intanet suke, muna gwada manhaja a kansu. Duk awa ana cajin mu da dala, abokan aikina kuma sai su kunna su tafi gida."

"Kamar a bar janareta na shan mai, ba kowa a shago?"

"Yauwa. An ce in kuɗin bai sauka ba, za a sallami mutum ɗaya. Ni ce sabuwa."

"To, kashe su mana!"

"Na saita su, ƙarfe shida kowace za ta mutu. Saura babbar, wata uku tana kunne. Ta manajanmu ce."

"Wannan kam bar ta! Shekara tara ko rediyon maigidana ban taɓa ragewa ba."

"Kuma har yau bai sallame ka ka buɗe naka garejin ba?"

Bawan Allah ya hau sosa ƙeya. Ita kuwa ta danna.

"Ta mutu. Gobe manajan ya neme ni."