Barimar Shefali

A layin ganin likitan hanci a garin Barishal, Shefali ta dafe kumburarren kuncinta tana yi wa matar da ke gefenta mita.

"Wai ta hanci zai bi ya zuƙe mugunyar, amma sai na cire barimar hancina! Mijina yana raye? Wannan ai mugun fata ne!"

"Ki cire, ƙanwata, ki huta da ciwon nan."

"Tabɗi! Gara kan ya fashe. Ke ba ki san mai takaba ce ke cirewa ba?"

Matar ta juyo. Sai yanzu Shefali ta ga hudar hancin matar wayam.

"Na sani. Ni ko wanka zan yi ban taɓa cire tawa ba. Bai hana kogi cinye min mijina ba."