Duk a Gefen Hagu

A garejin masu fenti, wani dattijo na zaune a benci yana kallon yadda ake kankare jikin motarsa. Wani mai kaurin tabarau ya zauna kusa da shi.

"Malam, taka ce farar nan?" in ji mai tabarau.

"Tawa ce. 'Yar ƙujewa ce, bango na goga."

"Na ga fentin ƙofar baya ya tsattsage, ga wani a ƙarƙashinsa. Karo na nawa ke nan?"

"Na huɗu. Ƙofar gidan ce ta cika ƙunci."

"Kuma duk a gefen hagu?"

Dattijon ya ɓata rai. "Kai mai fenti ne ko alƙali?"

"Ko ɗaya. Ni ma haka na riƙa kawo tawa a ɓoye, a shafe kafin yarana su gani su karɓe makullin. Idon hagu ne, ko?"

Dattijon ya sassauta murya. "Likita ya ce da sauran gani."

"Haka ya ce mini. Sau biyar bango na goga. Na shida, jikata ce tana wasa a bakin ƙofa."

"Subhanallahi! Ta rayu?"

"Ta rayu. Kullum da safe tana zuwa gaishe ni, da ɗingishinta."