Fitilar da Ta Ƙwace Mini Aiki

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Rabi, 'yar aji biyar na sakandare, daga Dala.

Babana tela ne a Ƙofar Wambai, sai bayan isha'i yake dawowa a keke. Tsohuwar fitilar kekensa daga taya take jan wuta, yana rage gudu sai ta dushe. Shi ya sa kullum nake tarbarsa a bakin lungu da tocilan, ina haska masa kwata, yana tambayata karatu.

Watan jiya Yaya Binta ta kawo masa mai caji. Haskenta fari tas har ƙarshen lungu, ko ya tsaya ba ta mutuwa. Ya ce, "Rabi, kin huta. Allah ya yi wa Binta albarka." Sau uku ya faɗa, na ƙirga.

Gaskiya sabuwar ta fi, amma ni ban ce na gaji ba. Shekaranjiya aka wuni ba wuta, cajinta ya ƙare, sai na jiyo muryarsa: "Ina 'yar tocilan?" Ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Malam, a ba ni shawara. Laifi ne in riƙa murna idan an ɗauke wuta? Ina gaida Yaya Binta duk da haka.