Gidan Inna a Takardar Masar

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Ni ne Saje Habibu, soja, an turo ni kwas birnin Alƙahira.

Kwanakin baya na je wani ofishin gwamnatin Masar don cike takardun ɗauko matata Rabi da 'ya'yanmu biyu, don kada rajistar makaranta ta wuce yaran. Komai ya tafi daidai har na iso gurbin adireshin dindindin. Nan biro ya tsaya. Shekara goma sha huɗu ina aiki, bariki shida na zauna, ɗakina na unguwar Ainu Shams ma na aro ne.

Sai na rubuta gidan mahaifiyata yadda kowa ya san shi a garinmu: gidan Inna mai daddawa, bayan tsohuwar rijiya.

Jami'in ya ce, "Ina lambar gida?" Na ce, "Ranka ya daɗe, babu, amma shekara arba'in rijiyar tana nan." Ya yi dariya, ya buga hatimi, ya ce, "Tamam, ita kam ba a yi mata taransifa."

Su Rabi sun iso lafiya. 'Yan'uwa sojoji, ku me kuke rubutawa a gurbin nan?

Inna, idan kina ji, kada ki bari a cike rijiyar nan. Gwamnatin Masar ta san da ita.